Fijo 504 ta Baba: leda, yadi, ko in sauya kujerun gaba ɗaya?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayanin. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 salun, ƙirar 1982, haɗin Kaduna. Da aka zo rabon gado sai aka ce a sayar da ita, na ce a yi mata kuɗi a sa a kasona. Shekara shida tana ajiye a gindin darbejiya a gidanmu na Zariya. Yanzu an tayar da inji, an yi birki, an sa tayoyi, tana tafiya lafiya lau. Saura ciki. Kujerar direba ta lotsa har ina jin ƙarfe a jikina, ledar ta tsattsage, silin ya sauko ta baya, dashbod ya tsage wuri biyu, kuma in an rufe gilashi akwai warin danshi. Ba ajiye ta zan yi don kallo ba. Da ita zan riƙa kai yara makaranta, in je wurin aiki, ƙarshen mako in leƙa Kaduna. Na tambayi mutum uku, kowa da tasa. Ɗaya ya ce a lulluɓe komai da baƙar leda, ɗaya ya ce fata ta gaske, bakanikena kuma ya ce a cire kujerun a sa na Fijo 406 a huta. Me kuka gani?

Mai Tsohuwar Zuma:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Abban Sadiq, don girman Allah kada ka bari a cire kujerun nan. Wanda ya ba ka shawarar 406 bai san abin da ke hannunka ba. A 1968 motar nan ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, kuma daɗin zama yana cikin abin da aka fi yaba mata tun lokacin. A 1975 aka buɗe masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna, 504 ta ci gaba da fitowa daga can har cikin shekarun 2000, alhali Turai sun daina ƙera salun ɗin tun 1983. An auna kujerar ne daidai da tsayin sitiyari da gilashi da laushin shok ɗin motar. Idan ka cire ta, motar Baba ta tafi, sai dai bodi ya rage.

Yaron Gareji:
Malam, tarihin nan duk gaskiya ne, amma mutumin nan ya ce kullum zai shiga. Kujera ce mai shekara sama da arba'in. Mu a gareji mun sa wa 504 da 505 kujerun 406 ba sau ɗaya ba, masu su suna godiya. Ana samunsu a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, soso lafiya, yadi lafiya, a yini ɗaya an gama. Ɗinki kuwa sai ka yi sati biyu kana zarya.

Mai Tsohuwar Zuma:
Yini ɗaya da me? Da injin walda. Ramukan noti ba su daidaita ba, sai ku yanka, ku liƙa guntun ƙarfe, ku ce an gama.

Yaron Gareji:
To ai walda ba haramun ba ce, Malam. In an yi ta da kyau tana riƙewa.

Mai Kushin:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, na gaje ta wurin maigidana, kuma 504 na ɗinka wa ba adadi. Abban Sadiq, tambayar da ka yi ta ƙarshen aiki ce. Leda ko yadi riga ce kawai. Kujera hawa huɗu ce: akwai ƙashin ƙarfe da relin da take zamewa a kai, akwai abin da ke ɗauke da nauyin mutum daga ƙasa, sifirin ko igiyar roba, akwai soso, sannan riga. Tunda ka ce kana jin ƙarfe, sosonka ya mutu, kuma da wuya abin da ke ƙasansa bai saki ba. Idan aka ɗora sabuwar riga a kan haka, wata uku za ka dawo inda kake, rigar ma ta yamutse.

Ga yadda nake yi in an kawo mini. A kwance kujerun duka a fito da su. A ɗauki hoto ta kowane ɓangare kafin a taɓa komai. Tsohuwar rigar kada a yage ta da wuƙa, a warware ɗinkin a hankali, domin ita ce ma'aunin sabuwa, kowane ƙyalle a rubuta masa lamba da alli. Sai dai a lura, tsohuwar leda takan ja wani wuri ta takure wani wuri, don haka da kujerar mai zaman banza ake gwada ta direba, tunda ita ba ta sha wahala sosai ba. Daga nan a duba ƙashin, musamman inda majingina ta haɗu da mazauni, nan yake tsagewa. A kankare tsatsa, a shafa jan fenti, a wanke reli da kananzir a sa masa sabon giris.

Soso kuwa nan ake cutar mutane. Akwai mai ɗauko soson katifa mai arha ya yanka ya cusa. Ranar farko laushi kamar auduga, bayan damina ɗaya ya zama tabarma. Mazauni yana son soso mai nauyi a ƙasa, irin wanda in ka danna da babban yatsa yake turo ka, sannan a shimfiɗa mai laushi siriri a sama. Tsakanin soso da sifirin a sa buhun algarara ko tamfol mai kauri, don kada ƙarfe ya ci soson. Majingina ba ta buƙatar tauri kamar mazauni.

Abban Sadiq:
Oga Mai Kushin, na gode ƙwarai. Wanda na fara kai wa bai ko zauna a kujerar ba, ya leƙo ta taga ya faɗi kuɗi. To yaya zan gane soso mai kyau, tunda ni ba sana'ata ba ce?

Mai Kushin:
Ka je da kanka a saya a gabanka. Ka ɗauki guda biyu masu girma ɗaya ka jinjina, wanda ya fi nauyi shi ya fi daɗewa. Tauri daban, nauyi daban, akwai mai tauri marar nauyi da yake rugurgujewa. Kuma kafin a rufe da riga, a ɗora soson a kan ƙashin a mayar cikin mota ka zauna. Ka taka kuloci har ƙasa, ka duba ko cinyarka na gogar sitiyari, ko hularka na taɓa silin. Inci ɗaya in ya ƙaru a mazauni, duk zaman ya sauya.

Tsohon Direba:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe abin mahaifinka. Jikana ne ke rubuta mini. Na yi shekaru ina jan 504 wagon daga Kano zuwa Maiduguri, ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu. Abin da na sani a jikina zan faɗa. Baƙar leda a watan Afrilu azaba ce. Ka tsaya sallar azahar a Potiskum ka dawo, kujera ba ta zaunuwa sai ka shimfiɗa tawul. Kana tafiya gumi yana taruwa a bayanka don leda ba ta shan iska, ka sauka riga ta manne. Da hunturu kuma ta bushe ta fara fashewa ta bakin ɗinki. Motarka ba sanyi gare ta ba sai na taga, ko? To ka nemi yadi. Ciwon bayan da nake fama da shi yau, shekarun da na yi a kan lotsattsiyar kujera ina cusa filo ne suka jawo shi. Maganar mai kushin ita ce magana.

Abban Sadiq:
Amin Baba, na gode. Haka ne, babu na'urar sanyi, fanka ce kawai.

Maman Ilham:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ku yi mini afuwa in sa baki. Ku maza kuna maganar kujerar direba, ni ta baya nake tunani. Ya ce yara zai riƙa kaiwa makaranta. Yaro zai zubar da kunu, zai hau da takalmi, ƙarami zai yi fitsari, wani mota na juya masa ciki ya yi amai. Yadi yana shanye duk wannan ya kai shi cikin soso, kuma in ya shiga soso babu wankin da zai fitar da warin. Motar maigidana yadi ce, ni na san abin da nake gani. Leda kuwa tsumma da ruwan sabulu sun gama. Sannan ina tambaya, akwai bel a kujerar baya?

Tsohon Direba:
'Yata kin yi gaskiya. Ni fasinja manya na ɗauka.

Mai Kushin:
Hajiya, ana raba gardamar nan. A gaba, tsakiyar mazauni da tsakiyar majingina a sa yadi mai kauri irin na kujerun mota, gefe da baya a sa leda, tunda gefen ne ke shan goga wajen shiga da fita. A baya a yi leda duka, amma mai haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka, sannan a ɗinka mata rigar atamfa mai kauri ko kaki da ake cirewa a wanke. Kuma a ƙarƙashin yadin gaba ba a sa ledar shimfiɗa, in an sa an koma gidan jiya, gumi zai dawo.

Ɗan Agadas:
Sannunku. Mu nan Nijar 504 da yawa ta hamada suka shigo. A shekarun 1970 da 1980 Turawa na tuƙo su daga Faransa, su bi ta Tamanrasset su sauko Arlit da Agadas su saida su koma da jirgi. Waɗannan da yawa da yadi suka zo. Abin da na lura, ba zama ke kashe yadin ba, rana ce. Saman kujerar baya, inda gilashin baya ke haskawa, shi ke fara zama gari. Kome ka ɗinka, in mota na kwana tana wuni a fili, ka yi asara. Ka nemi inuwa, in babu ka sa mata abin tare rana a gilashi. Ƙura kuma ka riƙa kakkaɓewa, yashi cikin yadi kamar sanfefa yake yi.

Mai Tsohuwar Zuma:
Ni dai ina roƙon a riƙe zanen ɗinkin asali, layukan nan da faɗinsu, da launin da ya dace da ƙofofi. Kada a yi mata ɗinkin lu'u-lu'u da jan zare irin na motocin samari. Zamanin da 504 take motar gwamnati, manyan sakatarori da kwamishinoni a cikinta suke, kamalarta a sauƙinta take. Kuma in da hali, me ya hana fata? Ga Kano da majemu.

Mai Kushin:
Malam, zanen asali na yarda, shi ya sa na ce kada a yaga tsohuwar riga. Fata kuwa sai a yi hattara. Fatar da Kano da Sakkwato suka yi suna da ita ta akuya da tumaki ce, ga laushi ga kyau, amma ƙarama ce kuma siririya, ta jaka da takalmi ce. Kujerar mota kirgin saniya take so, wanda aka jeme musamman aka yi masa rufin da rana ba ta ci. Namu kirgin kuwa mafi yawa ganda ake yi da shi. Abin da ake sayarwa da sunan fata a kasuwa, da yawa leda ce mai zanen fata, ka juya bayanta za ka ga saƙar zare. Ko ta gasken ce, tana son mai lokaci lokaci, in ba haka ba hunturu ya fasa ta. Ga mai yara huɗu da motar kullum, ban ga ribarta ba.

Zare ma a kula. Wanda ake ɗinka kaya da shi rana na cinye shi, sai ka ga leda lafiya ɗinki ya warware. A sa zaren foliyesta mai kauri. Kuma a buɗe taku, kada keke ya yi ɗinki kusa da kusa, don a leda kowane huda rauni ne, in sun matsu sai ta yage a layin kamar takardar rasit.

Injiniya:
Na karanta duka, kuma tambayar Maman Ilham ita ta fi komai nauyi, ba wanda ya amsa. Kujera da bel kayan tsira ne kafin su zama kayan ado. Idan mota ta yi karo, nauyin mutum yana ninkuwa sau da yawa a cikin ƙiftawar ido, kuma duk wannan ƙarfin yana sauka ne a kan 'yan notocin da suka riƙe kujera da bel a jikin mota. Abban Sadiq ya ambaci warin danshi, mota kuma ta yi damina shida a waje. Ni nan hankalina ya tsaya. Robar gilashin gaba in ta bushe ruwa yana bi ta bayan dashbod ya sauka ƙarƙashin kafet. Abin da aka shimfiɗa a ƙasan kafet yana riƙe ruwa kamar soso, ƙarfe yana ruɓewa a ɓoye. Ka ɗaga kafet ɗin duka, ka sa sukudireba ka caccaki ƙasan, musamman wajen ƙafafun kujera da gindin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi.

Akwai kuma maganar hayaƙi. Rami a ƙasan mota ko mataccen robar but yana shigo da hayaƙin salansa, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari. Yaran da ke baya su za su fara shaƙa.

Game da kujerun 406, Yaron Gareji, ban ce ba zai yiwu ba. Amma in za a yi, a ƙera mazauni da ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da noti a ramukan asali, ba a ɗiga walda a jikin siririn falankin ƙarfen ƙasan mota ba. Wasu kujerun motocin baya-bayan nan kuma akwai jakar iska a gefensu da abin da ke fizgar bel, masu aiki da ɗan abin fashewa a ciki. Ba abin da za a kai wa wutar walda ba ne.

Bel ɗin da ya kai shekara arba'in a sauya shi, ko da ido ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, rana ta riga ta cinye zaren. Kada a kai wa tela ya haɗa wanda ya tsinke. Tun 1959 kamfanin Volvo ya fara sa bel mai maɗauri uku, kuma tun farkon 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta ɗaura shi a Najeriya. Notinsa na musamman ne, ba kowane noti da aka tsinta a gareji ba. A baya ka cire mazauni ka duba ko akwai ramukan da aka tanada. In babu, a huda a sa faranti mai faɗi ta ƙasa, don kada noti ya ɓarke falankin ya fito.

Yaron Gareji:
Injiniya, maganar jakar iska gaskiya ce, mu ma muna dubawa kafin mu saya. Amma har yanzu ina kan bakana, ba kowa ke samun mai kushin irin Oga ba. Tsakanin mugun ɗinki da kujerar 406 mai lafiya, ni na san wadda zan zaɓa.

Mai Tsohuwar Zuma:
A nan kam ba zan yi maka musu ba. Sai dai ko an sauya, a adana na asalin a ɗaki, kada a sayar wa 'yan gwangwan.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Abban Sadiq, har sai an sa bel ɗin nan, yaran su ci gaba da bin abin da suke bi.

Abban Sadiq:
'Yan'uwa na dawo. Jiya Asabar ni da ƙanena muka cire kujeru muka ɗaga kafet. Injiniya, kamar kana wurin. Ɓangaren mai zaman banza, sukudireba ya wuce har ina hango ƙasa. Ɗaya daga ƙafafun kujerar direba kuwa, da hannu na girgiza ta ta ɗago da guntun falanki. Sati uku ina tuƙa motar nan a haka, har na kai Hajiyarmu asibiti a ciki. Jikina ya yi sanyi. A ƙarƙashin kujerar na tsinci carbin Baba da tsohon lasisinsa, na daɗe a zaune kafin in iya ci gaba.

Ga abin da na yanke. Gobe za ta tafi wurin fanabita a yanke ruɓaɓɓen wurin a sa sabon falanki, a sauya robar gilashin gaba da ta but. Bayan nan bel, gaba da baya. Kujerun asali zan riƙe, ƙashinsu lafiya sai tsaga ɗaya a majinginar direba. Gaba yadi a tsakiya leda a gefe, baya leda ruwan ƙasa da rigar cirewa, zanen ɗinki irin na da. Kuɗin ba zai kai silin da dashbod a wannan watan ba. Wanne ya kamata in fara a cikinsu, kuma kwalayen ƙofa da suka kumbura fa?

Mai Kushin:
Allah ya tsare gaba. Silin za ka fara, don wanda ya sauko yana tare madubin baya. In irin mai sandunan ƙarfe ne, a sa wa kowace sanda lamba kafin a zare, tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kuma ka gaya wa fanabita tun yanzu, domin bakin silin yakan shiga ƙarƙashin robar gilashi, gara a yi su rana ɗaya da a cire gilashi sau biyu. Gam ɗin a nemi mai jure zafi, rufin mota a rana yana narkar da na banza. Kafin a mayar da kafet, mai rewaya ya bi wayoyin da ke ƙasa, tunda ɓera ya yi shekara shida yana shiga. Abin shimfiɗar ƙasa a sa irin robar da ba ta shan ruwa.

Kwalayen ƙofa a yanka sababbi da siririn filawud a kan ma'aunin tsofaffin, a shafa musu fenti ta baya. Tsakanin ƙofa da kwali akwai ledar da ake liƙawa don tare ruwa, yawanci makanikai sun yage ta wajen gyaran gilashi, a mayar da ita. A zura waya a buɗe ramukan da ke gindin ƙofa inda ruwa ke fita.

Ɗan Agadas:
Dashbod kuma ka bar shi tukuna, ka shimfiɗa mashi ƙyalle mai duhu marar ƙyalli, a yanke wurin ramukan iska. Mai haske yana dawowa cikin gilashi ya hana ka ganin hanya. Ka sa a nema maka na wata 504 da aka kwance, ya fi a cike tsagar, cikon ba ya jure rana.

Tsohon Direba:
Yaro, ranar da za a gwada soson ka tafi da irin kayan da kake sawa kullum, har da hula. In babbar riga kake sawa ranar Juma'a, ka gwada da ita ma, tana ƙara wa mutum zama. Carbin kuma ka mayar da shi inda ka same shi.

Abban Sadiq:
In sha Allah, Baba. Oga Mai Kushin, yadi nawa zan saya na kujerun gaba biyu, ko sai an warware an auna?

Mai Kushin:
Sai an warware. Ka shimfiɗa ƙyallayen a kan sabon yadin duk su kalli gefe ɗaya, in ba haka ba launin zai bambanta a rana. Abin da ya kama ka ƙara rabin yadi ka ajiye, don gefen da direba ke shiga shi zai fara ci, kuma bayan shekara biyu da wuya ka sami irinsa a kasuwa.